Amaryar da Ta Shiga Babu Guɗa

Mutanen gida ba sa yarda idan na ce musu ana sanyi a Doha. To ana yi, wata biyu ko uku, irin sanyin da yake bi ta ƙasan ƙofa ya kama mutum a idon sawu. Gidan da na tashi a Umm Salal yake, can inda gine-gine suke ƙarewa gonakin dabino su fara, kuma a waɗannan watannin ne Kaka take sa a fito mata da kasko tsakar gida da an idar da sallar magariba. Babana injiniya ne a wajen aikin iskar gas. Ya sayo mata hita mai lantarki har biyu, ta ce ita ba ta jin ɗumin wutar da ba ta toka. Dole ya haƙura ya riƙa ɗauko mata gawayi a kantin da Larabawa suke sayen na gashin nama.

Sunanta na ci, Hauwa'u, shi ya sa a gida ake ce mini Ummi, ita kuwa takwara take kirana. Ni da ƙanena Sadiku muke zama a gabanta, bargo ɗaya muna ja-in-ja a kansa. Sai ta buga gefen kaskon da cokali ta ce, "Na taho da kaya a ka." Mu ce, "Sauke mu gani." Daga nan har kiran isha'i ba mai tashi. Dokarta ɗaya ce: a riƙa amsa mata. A wajen Kaka, wanda ya yi shiru ana ba shi labari, ko dai barci yake ko kuma ya raina mai magana. In ta zo wajen waƙa a cikin tatsuniya ba mu yi amshi da ƙarfi ba, sai ta tsaya cak ta ce ita ba da bango take hira ba.

Ba banza take da wannan hali ba. Kafin Baba ya ɗauko ta, maguɗiya ce a Zariya, wadda ake aiko wa da mota daga wata unguwa don kawai ta zo ta rangaɗa guɗa a shigar amarya. Takan ce guɗa ba ihu ba ce, shaida ce cewa yarinya tana da mutane. A Doha ma matan Hausawa ba su ɗauki lokaci ba suka gane ta. Suna ko biki, daga unguwar Najma har ta Fereej Abdel Aziz, sai an zo an ɗauke ta.

A shekarun nan ne kiɗan Turawa ya shigo unguwarmu, kuma a kan idona ya shigo. Da aka fara ɗauko makaɗa daga Turai su riƙa yi wa birni kiɗa, wasunsu suka ga haya ta fi sauƙi a wajenmu, suka sauka a layinmu. Na farko wani tsoho ne mai babban goge, irin wanda ake zama a rungume shi. A garejinsa yake gwaji, ƙofa a ɗage. Daga baya suka zama su huɗu, duk ranar Laraba da yamma, maƙwabta suna zuwa da kujerunsu. Da garejin ya yi kaɗan, wani mai gona ya ara musu rumfar da yake ajiye dabino. Aka share, aka rataya barguna a bango don kada sauti ya riƙa dawowa, amma ƙanshin dabinon bai taɓa fita ba. Sai wata mawaƙiya ta tare a layin, ita ce ta zo mana da opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, ko ruwa mutum zai roƙa sai ya rera.

Ranar da Kaka ta fara jin matar nan tana gwaji ta bayan katanga, ajiye carbinta ta yi. "Wannan baiwar Allah naƙuda take yi ko gobara ce?" Da muka yi mata bayani ta ƙara kasa kunne, can ta gyaɗa kai. "Amma fa tana da numfashi. Da a Zariya take da na koya mata sana'a."

Wadda ta mayar da wannan duka ƙungiya Bahaushiya ce, Hajiya Rakiya, matar wani likita, wadda ta koyi kaɗa piyano lokacin da take karatu a Ingila. Ba zan ci haƙƙinta ba. Ita ta yi ta zirga-zirga har aka sami izini, ita ta bi gida-gida tana neman kujeru, ita ta kafa rukunin yara masu waƙa, inda ni da 'yarta Fa'iza muka shiga rana ɗaya. Sai dai tana da wata cuta: tsoron kada Bature ya ga Bahaushe ya yi abin da ba daidai ba. Ta buga dokoki a takarda da Turanci da Larabci ta liƙa a ƙofa. Ba a shiga in an fara, ba a tari in za a iya dannewa, kuma ba a yin tafi ko wani motsi sai jagoran makaɗa ya sauke hannunsa.

Ina da shekara goma sha ɗaya aka shirya wata 'yar opera ta yara, labarin yarinyar da akuyarta ta ɓata. Ni aka ba waƙar ƙarshe. Dab da baitin ƙarshe akwai wani shiru da aka rubuta shi cikin kiɗan: komai ya tsaya, jagora ya bar hannunsa a sama, in ƙirga huɗu a zuci, sannan in hau can sama da muryata in rufe. Wata uku na yi ina koyon hawan nan. Kaka ta sa lalle tun ana jibi, ta ɗaura sabon leshi, ta zauna a layi na uku. Ba ta karanta Turanci, ba ta karanta takardar ƙofa, Baba kuma ya yi niyyar gaya mata ya manta.

Na rera, muryata ta fita yadda ban taɓa jin ta ba. Kiɗa ya tsaya. Na ƙirga ɗaya, na ƙirga biyu. Kaka ta ɗauka an gama, ta ga jikarta a tsaye cikin fitila ba wanda ya ce uffan, sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Irin ta Zariya, doguwa, mai hawa uku, wadda bargunan bango ba su iya shanye ta ba. Wasu suka yi dariya, wasu suka waiwaya. Baitina ya gudu daga kaina, na tsaya baki buɗe.

Hajiya Rakiya ta taso daga wajen piyano ta ratso tsakanin kujeru. Da Hausa ta yi maganar, kuma da ƙarfi, don duk Bahaushen da ke wurin ya ji ita ba ruwanta. "Hajiya, nan ba gidan biki ba ne. Wanda bai san inda ake shiru ba ya zauna a gida mana. Yalla, tashi." Ta yafito masu gadi biyu. Kaka ta miƙe da kanta, ta gyara mayafi, suka sa ta a tsakiya kamar wadda aka kama da kayan wani. Baba ya ɗan jima a zaune kafin ya bi su, ni kuma na sauka daga dandalin da gudu ta ƙofar gefe. Mako na zagayowa aka aiko cewa Fa'iza za ta riƙe waƙata kafin ƙura ta lafa. Ban sake hawa dandalin ba.

Washegari na ɗauka ba za a hura wuta ba. Ana idar da magariba ta ce a fito da kasko. Ta buga cokali, muka amsa, amma muryarta a ranar a kwance take, ba wasa a cikinta.

Ta ce a da tsuntsaye suna taruwa bakin tafki da yamma, ɗaya ya rera sauran su amsa. Tsohuwar Kurciya ita ce mai amshin farko, kuma ita ce mai tsaron sama: in ta hango Shaho sai ta yi kuka kowa ya watse. Ana nan sai Belbela ta bi shanu zuwa wata ƙasa mai nisa, ta dawo da farar riga da sabuwar doka. Ta ce a inda ta je, in ana waƙa ba mai buɗe baki sai an gama. Ranar farko da aka gwada, wata 'yar tsuntsuwa ta yi waƙa mai daɗi, Kurciya ta manta ta amsa. Belbela ta sa aka fige mata gashin wuya a gaban kowa, aka kore ta can ƙarshen reshe.

"Sai ta yi me?" in ji Sadiku.

"Sai ta gode," in ji Kaka. "Ta ce an ƙara mata ilimi. Kullum in ta ga Belbela ita take fara gaishe ta."

Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ta zo. Rannan Belbela da kanta ta hau dutse a tsakiyar tafki za ta rera. Ta lumshe ido, ta miƙa wuya. Kurciya daga ƙarshen reshe ta ɗaga kai ta ga Shaho yana kewayawa. Sauran tsuntsaye ma sun gan shi, duk suka juyo suna kallon ta, don ita ce mai kukan. Ta haɗe fukafukanta ta rufe baki. Shaho ya sauko ya cafki Belbela a maƙogwaro ya yi sama da ita, tana fizga yana ja, har wuyanta ya miƙe ya yi tsawo. Ta kuɓuta da ranta, amma muryar ta tafi a faratan Shaho. Shi ya sa har yau belbela take da dogon wuya, kuma in ta buɗe baki ba abin da yake fita sai gurnani.

Na ce, "Kaka, Kurciyar ba ta ji tausayinta ba?"

"Ta ji mana, takwara. Bayan an gama."

Mama tana daga bakin ƙofar kicin ta ce wannan ba tatsuniyar yara ba ce. Kaka ta ce ai ba ta san yara take ba wa ba, ta tura wani garwashi tsakiya da cokali.

Daga ranar ta daina guɗa. Mata su zo da mota, ta je, ta yi barka, ta ci abinci, in aka ce Hajiya a taimaka sai ta shafa wuya ta ce maƙogwaro ya tsufa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda take yi wa Hajiya Rakiya. In sun haɗu a filin Idi, Kaka ce take fara miƙa hannu, ta tambayi likita, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa ko motar matar ba na son gani. Na tsane ta, tsana irin ta yaro wadda ba ta da hutu. Wata rana na kasa daurewa na ce, "Kaka, wai kin yafe mata ne?" Ta dube ni ta ce, "Wa ya gaya miki?"

Shekara shida aka yi a haka. Rumfar dabino ta zama zaure na gaske mai kujeru a jere, ana zuwa daga cikin gari a ji kiɗa, Hajiya Rakiya tana tsaye a ƙofa tana karɓar baƙi. Sai aka sa ranar auren Fa'iza. Angon ɗan Katsina ne, danginsa suka cika jirgi, har da gwaggwanninsa tsofaffi. Hajiya Rakiya ta shirya makaɗa huɗu su rako amarya da goge zuwa ƙofar ɗakin taro. Babbar gwaggon ango ta ce ba ta hana ba, amma a gidansu amarya ba ta taka ƙofa sai da guɗa, kuma ba ta cikin waya ba, ta bakin tsohuwa daga dangin amarya. Aka gwada matan Doha, likitoci da malaman jami'a, abin da ya fito kamar buta ta tafasa.

Ina tsakar gida ranar da Hajiya Rakiya ta yi sallama. Ta zo da goro da turare, ta ƙi kujera ta zauna a kan darduma ƙasa da Kaka. Ba ta ambaci abin da ya wuce ba ko da kalma ɗaya. Na tabbata a ranta ta ɗauka gaisuwar shekara shida ta wanke shi.

"Hajiya, jikarki ce za a kai. Ba mu da kowa sai ke."

"Allah ya sanya alheri," in ji Kaka. "Zan zo, in zauna inda kika ajiye ni."

Iyakar abin da ta yi alkawari ke nan, kuma ta cika shi. Aka ajiye ta a teburin gaba, aka sa mata makirufo kusa da hannu. Masu goge suka taho a hankali, Fa'iza a bayansu cikin lulluɓi. Da suka iso ƙofa suka ɗauke kiɗa kamar yadda aka tsara, bakan gogensu a sama, suna jiran guɗa. Ɗaki ya juyo gaba ɗaya yana kallon Kaka. Ta miƙe bayanta, ta ɗora hannuwa a kan gwiwa, ta zuba wa makaɗan ido, zaman mai sauraron da ya san doka.

Ban san tsawon shirun ba, amma har ƙarar na'urar sanyaya ɗaki ana ji. Hajiya Rakiya ta yi mata alama daga nesa. Ta sake yi. Sannan ta tako da sauri ta sunkuya, ina kusa na ji tana cewa: "Hajiya, yanzu ne. Don Allah, don Annabi." Kaka ta ɗaga yatsa ɗaya ta ɗora a leɓenta, daidai yadda Hajiya Rakiya take yi wa mutane a zaure. Amarya ta gaji da tsayuwa ta shigo, ba abin da yake rakiyar ta sai ƙarar takalminta. Wata ta yi ƙoƙarin ceto da 'yar guɗarta, ta karye a tsakiya. Gwaggon ango ta ce, ba tare da ta rage murya ba, "Ikon Allah. Yarinyar nan ba ta da tsofaffi ne?"

A mota Baba ya ce, "Inna, me ya sa kika yi haka?"

"Ai na ga masu gogen ba su sauke hannu ba," in ji ta. "An koya mini a jira. Ba wanda ya ce mini an gama."

Na yi dariya har da hawaye, Mama tana zungurina. Na ji daɗi a ranar, daɗin da ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa ya gushe ba. Na san Fa'iza ba ta yi wa kowa laifi ba, na san dangin mijinta sun daɗe suna yi mata gori, na san tun ranar ba ta ƙara yi mini magana ba. Duk na sani. Kaka ta rasu bayan shekara biyu ba ta sake guɗa ba.

Bana ƙungiyar kiɗan ta ce in haɗa mata ɗan littafin tarihinta, tunda a layin na tashi kuma aikin koyarwa ya saba mini da rubutu. Na rubuta garejin, na rubuta rumfar dabino, na rubuta wahalar da Hajiya Rakiya ta sha ba tare da na rage mata komai ba. Sannan na ware shafi guda na rubuta yammacin da aka fitar da Kaka, da kalmomin da aka faɗa mata, da sunan wadda ta faɗa. Na kai wa Hajiya Rakiya da hannuna don in ga fuskarta. Ta tsufa, gwiwa ta hana ta tsayuwa a ƙofar zaure. Ta sa tabarau ta karanta har ƙarshe.

"Ummi, a cire wannan. Ai ta rama, khalas, an gama."

"Ita ta rama nata, Anti. Ni ban rama nawa ba."

Ta cire tabarau ta ninke. "To in za ki rubuta, rubuta duka. Ina tsaye a barandar rumfar lokacin da kika fito da gudu. Mai gadi ya tambaye ki ko tare kuke da tsohuwar. Me kika ce masa?"

Na tsallake wannan a cikin shafin, kamar yadda na tsallake shi a nan sama, kamar yadda na yi shekaru ina tsallake shi a cikin kaina. Ce masa na yi hadimar gidanmu ce. Da Larabci na faɗa don kada Kaka ta gane, na manta kalmar ɗaya ce da tamu. Tana tsaye taku uku daga inda nake, tana gyara mayafi.

Shekara da shekaru na ɗauka abin da tatsuniyar ta koya mini shi ne haƙurin mai ramuwa: ka gode, ka gaisar, ka jira ranar da dokar mutum za ta juyo kansa. Har yanzu ina ganin haka ne, kuma ban ga laifin Kurciya ba. Abin da ban lissafa ba shi ne mu biyu muka ci mutuncinta a yammacin nan. Ɗaya bare ce, ta jira ta shekara shida ta biya ta a gaban surukanta. Ɗayar kuwa, wadda maganarta ta fi zafi, washegari ta zaunar da ita a gabanta ta ba ta labari, ta ci gaba da kiran ta da sunanta har ta koma ga Allah, ba ta taɓa nuna mata ta ji ba. Ta tafi ta bar ni ba wanda zai rama mata a kaina.

Na koma gida na ƙara layi uku a shafin. An buga littafin a haka, da sunan Hajiya Rakiya da abin da ta ce, da sunana da abin da na ce. Ita ta daina amsa gaisuwata, ni kuma har yau ban yafe wa ko ɗayanmu ba.